Tururuwa Uku a Cikin Ludayi

Ranar da Zulai ta kuɓuto daga hannun 'yan bindiga, ba ruwa ta fara nema ba, ba kuma abinci ba. Kwana goma sha shida ke nan da aka ɗauke ta a bakin fadama tana yin itace. Jandarma masu sintiri ne suka tsince ta a hanya tana jan ƙafa, suka kawo ta har ƙofar gidan mijinta, a wani ƙauye yamma da Cadakori. Tsakar gida ta cika maƙil, ana ta barka da arziki, wasu na hawaye wasu na guɗa. Ita kuwa Zulai ba ta ga kowa ba. Idonta na kan goyon da ke bayan uwar mijinta, 'yarta Nasira, wata biyar da haihuwa.

Ta miƙa hannu biyu. Inna Barira, uwar mijin, ta ja da baya.

"Tsaya tukuna, Zulai. Kwana sha shidda kina cikin daji. Wa ya san abin da kinka ci? Wa ya san abin da anka yi miki? Ba a ba jariri nono irin wanga sai an gwada."

"Inna, bai tsaya ba," in ji Zulai, murya a dishe. "Kullum sai na tatse, safe da marece, don kar shi kafe."

"Shi ya sa za a gwada."

Aka ɗauko ludayi. A gaban mata fiye da goma Zulai ta juya baya ta tatsa har ludayin ya kusa cika. Inna Barira ta je gindin danga ta tsinto tururuwa uku da farce, ta jefa su a tsakiya. Haka ake gwajin tun kaka da kakanni: in tururuwa ta yi iyo ta fito, nono lafiya lau, in ta mutu, nono ya ɓaci. Babu wadda ta ce a duba ko farcen tsohuwa ya riga ya murje su kafin su kai ludayi. Babu wadda ta tuna cewa ko ruwan randa ka jefa tururuwa a tsakiyarsa, ba lalle ne ta kai baki ba. Mata suka zagaye suna leƙe. Tururuwa ɗaya ta ɗan motsa ƙafa, ta juya, ta tsaya. Sauran biyun ko motsi ba su yi ba.

"To, kun gani da idonku," in ji Inna Barira. Ta watsar da nonon a bayan danga, ta sa aka wanke ludayin da toka.

Nasira ta ji muryar uwarta, ta fara zillo tana kuka a bayan kakarta. Aka shiga da ita ɗaki aka janyo ƙofa. Matan da suka zo barka suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowacce na cewa a gode wa Allah da ya dawo da ita da ranta.

Tun daga ranar Nasira ta koma ɗakin kakarta, ana ɗura mata koko da nonon akuya. Zulai aka ce ta shiga ɗakinta ta huta. Hutun bai yiwu ba. Da an rufe mata ƙofa sai numfashinta ya sarƙe, ta yi waje a guje tana haki. Ta koma shimfiɗa tabarma a gindin rumbu. In babur ya wuce ta bayan gida, duk abin da ke hannunta sai ta sake shi, ƙwarya ce ko tulu, ta tsinci kanta a ƙarƙashin rumbun gero ta toshe kunnuwa. Kowa a garin ya san a kan babura aka zo aka ɗauke ta, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Abin da aka ce shi ne ta kwaso iskokin daji.

Mijinta Jibo ba mugu ba ne, kuma nan haushin yake. Da mugu ne da an san inda za a kama shi. Shi dai mutum ne wanda ko gishiri ka tambaye shi ya ji a miya, sai ya dubi fuskar uwarsa kafin ya ba ka amsa. Wata rana ya dawo daga gona da la'asar, Zulai ta kawo masa ruwa ta durƙusa. Ta jima tana murza bakin zanenta, sannan ta ce:

"Rana ta ukku da anka kai mu can, akwai wata mata da ke kusa da ni, sunka zo sunka..."

Ya ɗaga hannu. "Bar wanga zance, Zulai. Abin da ya wuce ya wuce. Ki yi hanƙuri."

Ta haɗiye sauran maganar. Shi ne karo na farko da ta yi niyyar gaya wa wani abin da ta gani, shi ne kuma na ƙarshe. Babu wanda ya sake tambayar ta, don duk suna tsoron abin da za su ji.

"To ka yi ma Inna magana," ta ce. "A ba ni yarinyar ko sau guda a yini."

"Zan yi mata. Bari dai a gama noma."

Aka gama noman fari, ya ce bari a gama maimai. Ana cikin haka zawo ya kama Nasira.

A irin waɗannan gidaje akwai kunyar ɗan fari, kuma ba wasa ake yi da ita ba. Mace ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta yi mata wasa a gaban surukai, ko faɗuwa ta yi a gabanta sai ta kawar da kai ta bar wani ya ɗauka. Da haka ake gane 'yar gidan mutunci. Zulai ta riƙe wannan sarai tun ranar suna. "Yarinyar nan" take cewa, ko "ɗiyar Inna".

Ranar da abin ya faru, Nasira ta wuni tana kuka tun hantsi. Inna Barira na zaune a inuwa da baƙi biyu, ɗaya matar liman ce, tana jijjiga goyon tana ci gaba da hira. Zulai na daka a gefe. Duk kukan da yarinyar ta yi sai ƙirjinta ya tsattsafo, rigarta ta jiƙe sharkaf. Ta daure, ta daure, can sai taɓaryar ta faɗi daga hannunta. Ba ta san sanda ta isa gaban surukarta ba.

"Nasira! Ku ba ni Nasira! Ɗiyata ce, ni na haife ta! Yunwa take ji, ga abincinta nan yana zuba ƙasa!"

Ta kama majanyin tana ja. Matan biyu suka riƙe ta. Gidan ya yi tsit, sai kukan jaririya.

Inna Barira ta tafa hannu. "Innalillahi! Kun ji ko? Sunan ɗiyar fari, baki buɗe, gaban uwar mijinta, gaban baƙi! Wace mai hankali ce za ta yi haka? Dama ina hwaɗi ana ganin kamar ƙiyayya ce. Wagga yarinya ba ita kaɗai ta dawo daga daji ba."

Matar liman ta girgiza kai ta ce Allah ya sawwaƙe. Kafin magariba labari ya zagaye gari: matar Jibo ta taɓu. Ba a ce jaririya na zawo ba, ba a ce uwa ta nemi ta shayar da 'yarta ba. An dai ce ta kira suna.

Washegari Jibo ya same ta a gindin rumbu, ƙunshin kayanta a hannunsa. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"An yi shawara da manya. Sun ce macen da ta kwana hannun waɗancan mutane sai ta yi jira, a ga ko ba ta ɗauko komi ba. Kuma jiran ya fi kyau a gidanku. Ba saki ba ne fa, Zulai. In hankalinki ya kwanta sai ki dawo."

"Yarinyar fa?"

"Tana wurin Inna. Ai kin san ba abin da za ta rasa."

Ko rakiya bai yi mata ba, wai yana da aikin gayya a gonar wani.

Mahaifinta Malam Hashimu yana zaure yana tufkar igiya lokacin da ta yi sallama. Ya dube ta, ya dubi ƙunshin.

"Da takarda kinka zo?"

"A'a, Baba."

"Yaji kinka yi?"

"A'a. Cewa anka yi in taho."

Ya ajiye igiyar. "To ni mi zan ce ma mutane? Mace da igiyar aurenta ukku cur, ba saki, ba yaji, ba mai zuwa biko. In na riƙe ki a ce ni na kashe auren. Ɗakin miji shi ne mutuncinki, Zulai. Ki kwana ukku kamar yadda baƙo ke yi, ki koma ki ba su hanƙuri."

Akwai abin da bai faɗa ba, amma kowa a gidan ya sani. Ƙannenta mata biyu suna da masu zuwa zance, kuma ba a son a ce akwai taɓin hankali a dangi. A rana ta biyu wani mai sayar da gishiri ya shigo unguwar a kan babur, aka zaro Zulai daga ƙarƙashin gadon ƙanwarta tana rantsuwa, kamar 'yan bindigar ne a kanta, ba ta san inda maza suka ɓoye shanu ba. A rana ta uku Malam Hashimu ya sa aka ɗora ta a amalanken maƙwabci. Ya bi ta da addu'a mai tsawo, har da hawaye.

A ƙofar gidan miji Inna Barira ta tare ta. "Wa'adin bai cika ba. Koma gidanku."

Gida biyu, kowanne da hujjarsa, kuma in ka saurari kowanne shi kaɗai sai ka ce ai gaskiya ya faɗa. Shekarun Zulai goma sha tara. Ta tsaya a bakin hanya da ƙunshinta har rana ta take, sannan ta bi bayan wasu mata masu kai nono Cadakori, don ba ta san wata hanyar da za ta bi ba.

Kasuwar Cadakori rana ɗaya take ci a mako, sauran kwanakin rumfuna ne a wofi. To ba a wofi suke ba ga wanda ya duba. Akwai samari da 'yan mata da suka gudo daga garuruwan bakin iyaka, waɗanda aka ƙone musu gida da waɗanda gidan yana nan amma ba a son su a ciki. Wani ya wuni yana kallon wuri ɗaya. Wata in ka taɓa kafaɗarta ta baya sai ta kai maka cizo. Mutanen gari sun haɗa su duka sun ba su suna ɗaya, mahaukatan kasuwa, suna wucewa ta gabansu zuwa masallaci sau biyar a rana.

Wata dattijuwa mai sayar da tuwo, Kyauta, ita ta ga Zulai zaune a bayan rumfarta kwana biyu ba ta ci komai ba.

"Ke ɗiyar wa ce? Taso ki wanke min tukwanen ga, ki ci tuwo. Rumfar ba ƙofa gare ta ba, in kin iya kwana ciki bismilla."

Rashin ƙofar ne ma ya yi wa Zulai. Ta zauna. In an yi ruwa ta rakuɓe a lungun da bai cika yoyo ba, sauro ya ci rabonsa, gari ya waye.

Abu ɗaya ta sa a gaba, kada nonon ya kafe. Ta ci ƙanzo, ta sha ruwan da aka jiƙa tukunya, duk abin da aka ce yana kawo nono ta nema ta sa a baki. Sau uku a rana takan zagaya bayan rumfa ta durƙusa ta tatse a ƙasa, ta tura rairayi ta rufe. A ranta, ranar da za a ce zo ki karɓi 'yarki, kada ta zo hannu wofi. Masu wucewa suka gani, suka ƙara a kan abin da suka riga suka sani. Har yara suka yi mata waƙa.

Kullum da sassafe sai ta taka tafiyar sa'a guda zuwa ƙauyen. Ba ta shiga. Takan tsaya a bayan danga daidai ɗakin Inna Barira ta kasa kunne. Da kunne take auna 'yarta. Makon farko kukan na da ƙarfi, har da shure-shure, tana jin ƙarar tabarma. Mako na uku ya zama siriri. Daga baya sai ta jima a tsaye kafin ta ji wani ɗan ƙugi, shi ma ya yanke. Sai ta juyo Cadakori tana magana ita kaɗai a hanya, tana ba Inna amsa, tana ba Baba amsa, duk amsoshin da ba ta iya bayarwa a gabansu ba.

'Yan kabu-kabu da ke tsayawa a bakin kasuwa suka gano lagonta. In rana ta yi tsawo babu fasinja, sai ɗaya ya lallaɓo bayanta ya murza babur da ƙarfi, don a ga yadda za ta watsar da kwanoni ta shige ƙarƙashin teburin mai nama. Su kwashe da dariya. Kyauta ta bi su da muciya tana tsine musu, su ce wasa ne, Gwaggo. Bayan kowane irin wannan wasa Zulai takan yi yini guda ba ta gane mutane sosai ba.

Kyauta ta ja ta har wurin maigarin ƙauyen. Ya saurara da kyau, ya yi tagumi, ya ce maganar cikin gida ce, ba ya shiga tsakanin mace da uwar mijinta, amma zai sa a yi addu'a.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Jibo ya zo kasuwa sayar da akuya. Ya tarar da matarsa tsugune tana kankare tukunya, ta rame, kanta ba kitso. Ya waiga hagu da dama ko akwai wanda ya san shi, sannan ya tsuguna nesa kaɗan.

"Zulai, kina ba mu kunya. Kullum a gan ki bayan danga. Mutane na magana."

"Yaya jikinta?"

"Da sauƙi. Haƙora ne." Ya zaro wani ƙulli daga aljihu ya ajiye a tsakaninsu. "Na yi ma Inna magana, kamar yadda kinka ce. Ta yarda ki dawo. Sharaɗi guda ne. Ta ce muddin wanga nono na ƙirjinki ba za ta bari ki kusanci yarinyar ba, don ta san za ki ba ta a ɓoye ki kashe ta. Ga sassaƙe nan, ki jiƙa ki sha, ki ɗaure ƙirji. Ranar da ya kafe ki dawo ɗakinki, ki goya ta, ki yi mata wanka, ba mai hana ki."

"In ya kafe mi za ta sha?"

"Ai dama ba shi take sha ba."

Ya tashi ya karkaɗe riga, da alamar mutumin da ya sauke nauyi.

Kwana biyu ƙullin na nan inda ya ajiye shi. Kyauta ta ce, "Kar ki yi, ɗiyata. Ni na shayar da tara, ban taɓa ganin nonon uwa ya kashe ɗanta ba. Abin da kinka tsare cikin daji da bindiga bisa kanki, shi za ki zubar don tsohuwa ta ce?"

"Gwaggo, wata biyu ban taɓa jikinta ba," in ji Zulai. "Ban san nauyinta ba yanzu. Ko ba ta sha ba, ni dai in goya ta."

Ta jiƙa ta sha. Ta yaga gefen zanenta ta ɗaure ƙirji tamau har numfashi na yi mata wuya. Nonon ya kumbura ya yi tauri kamar dutsen niƙa, zazzaɓi ya kwantar da ita a rumfa, ta ciji ɗankwali don kada ta kwance. Duk sanda hannunta ya kai ga ƙullin zanen sai ta tuna da sharaɗin, ta janye. Kwana goma sha ɗaya ta yi a haka. Rana ta sha biyu ta matsa, ko ɗigo.

Ta wanke rigarta, Kyauta ta yi mata kitso, ta kama hanya kusan da gudu. Inna Barira ta fito zaure da kanta, ta sa hannu ta matsa, ta sake matsawa.

"Madalla. Yanzu kin fara jin magana. Sai dai komowar mace ɗaki ba a yin ta haka da ka. Bari a yi girbi a tara dattawa a zauna, a san an yi abu bisa tsari."

"Inna, cewa anka yi ranar da ya kafe..."

"Kin ga irin ta ko? Ana magana kina magana. Tahi tukuna."

Daga cikin gida ba a jin kukan kowa. Zulai ta tsaya tana saurare har aka turo ƙyauren zaure a fuskarta.

Kwana shida bayan haka, da hantsi, sai ga Jibo a rumfar Kyauta yana haki. "Taso maza, likita na kiran ki."

Gidan likitan yana nan cikin Cadakori, bai kai tafiyar minti goma daga inda take kwana ba. Ta tarar da Inna Barira zaune a bakin gado, da wata likita mai suna Fauziyya tsaye da farar riga. A kan gadon akwai wani ɗan abu a cikin zane. Sai da Zulai ta matsa ta gane 'yarta ce. Maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, fatar cinya ta yi laushi ta tattare kamar ta tsohuwa.

"Ke ce uwar?" in ji likita. "Tun ɗazu nike tambaya ana ce min ba ki nan. Zauna ki ba ta nono. Tamowa ce, ciwon yunwa, da zawo, cikinta ba ya riƙe komi. Abin da za shi fi tsayawa a cikinta naki ne."

Zulai ta ɗauke ta. Ba nauyi ko kaɗan. Ta sa ta a ƙirji, yarinyar ta lalubo da baki ta kama, ta ja sau biyu, sau uku, ta saki. Likita ta sunkuya ta matsa da yatsu. Ta ɗago.

"Tun yaushe ya kafe?"

"Kwana shidda."

"Kwana shidda? Wato har makon jiya akwai nono, ɗiyar na shan koko?" Muryar likita ta tashi. "Wa ya ce ki kafar da shi?"

Zulai ta ɗaga ido ta dubi uwar mijinta. Amsar na kan harshenta. Amma an yi mata tarbiyya, kuma ta riga ta ga abin da buɗe baki sau ɗaya ya jawo mata. Ta dubi Jibo ko zai yi magana. Jibo na kallon takalminsa.

Inna Barira ce ta amsa, cikin murya mai ban tausayi. "Likita, ba ta da cikakken hankali tun da ta dawo daga daji. Kasuwa take kwana, kowa ya sani. Ita ta ɗaure kanta, ba wanda ya sa ta. Mu dai ɗawainiya muke ta yi da marainiyar Allah."

Likita ta dubi Zulai, ta dubi tsohuwar, ta yi tsaki ta juya ga aikinta. Ta haɗa madara a kofi, ta manna wata siririyar roba a kan nonon Zulai, ɗaya bakin a cikin kofin, yadda in yarinyar ta tsotsa za ta sami madarar a bakin uwarta. Ta ce in ta samu ƙarfin ci gaba da tsotso, nonon kan dawo cikin 'yan kwanaki. Ta kori kowa waje ban da uwar.

Kwana huɗu Zulai ta yi da 'yarta. Ɗakin da ƙofa, ana rufewa, ba ta ko lura ba. Babura na wucewa a titi, amma ba ta tashi daga inda take ba, don akwai wadda ke kan cinyarta. Ta goya ta, ta shafe ta da ruwan ɗumi, ta kira sunanta a kunne sau ba adadi, ba wanda ya ce mata ta yi rashin kunya. Nasira na tsotsa kaɗan ta huta, ta tsotsa kaɗan ta huta. A rana ta huɗu, wajen la'asar, ta huta ba ta sake kamawa ba.

Inna Barira ce ta karɓi gawar ta naɗe a zane, don jinin gidansu ce. Aka tafi da ita a amalanke, aka rufe ta kafin rana ta faɗi. Ba wanda ya ce wa Zulai hau mu tafi.

Da gari ya waye ta kama hanyar ƙauyen a ƙasa. Ta yi rabin tafiya sai ta ji ƙirjinta ya ɗaure, wani zafi da ta sani ya tsarga mata. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta duba. Maganar likita ta tabbata, nonon ya dawo.

Tsakar gidan ta cika da mata kamar ranar da ta dawo daga daji. Inna Barira na zaune a tabarma ana ta yi mata gaisuwa. Sannu da ɗawainiya, Inna. Kin yi abin da ko uwa ba za ta yi ba. Kwananta ne ya ƙare. Haka za a faɗa a ƙauyen, haka za a faɗa a gidan Malam Hashimu, kuma duk mai faɗa zai yi barci lafiya. Babu wanda ya ɗaga wa yarinyar nan hannu, babu wanda ya hana ta koko. Kowa al'ada ya bi, kowa shawarar manya ya ɗauka, kowa cewa ya yi a yi haƙuri a jira. 'Yan bindiga sun riƙe uwarta kwana goma sha shida. Mutanen kirki, masu salla da sallama, sun riƙe ta wata uku, tana nisan tafiyar sa'a guda daga bakin 'yarta.

Zulai ta tsaya a bakin tsakar gida ba ta yi sallama ba. Ba ta yi kuka ba. Gaban rigarta ya jiƙe ta gefe biyu, yana ɗiga a kan zanenta. Mata suka fara lura ɗaya bayan ɗaya, gaisuwa ta tsaya.

Inna Barira ta ɗago ta gani. Ta jima tana kallon rigar. Sannan ta juya ga matar da ke kusa da ita, ta rage murya.

"Ku ba ta mayafi ta rufe. Akwai maza a zaure."

Wata ta tashi ta yafa mata. Aka ci gaba da gaisuwa.